Wutar da sifikar kwamfuta take ja: yadda za ka auna taka da kanka

Tambayar nan ta wuta nawa sifikar kwamfuta take ja ta yi yawa, kusan kullum sai wani ya turo ta ta wata siga. Wani ya sayi wufa an rubuta 1000W ɓaro-ɓaro a kwalinta, yanzu Baba ya ce ita ce take cinye musu yunit a mita, a cire ta. Wani sola ya haɗa da batir ɗaya tal, yana tsoron jona sifika kar ta kwashe masa cajin da zai kwana da fanka. Akwai kuma mai shagon tura waƙoƙi da finafinai da yake son sanin ko ƙaramin injinsa zai ɗauki kwamfuta da wufa da fanka a lokaci guda. Duk amsar wuri ɗaya take komawa: lambar da ke kan kwali ba ita ce wutar da sifika take ja ba, ko kusa ma. Yawancin sifikun tebur tsakanin wat 2 zuwa 20 suke yawo in ana saurare da muryar da mutum zai iya zama a ɗaki. Amma kowace da halinta, don haka ga yadda za ka auna taka.

1. Fara gane irin sifikarka

Ka bi wayar wutarta ka ga inda ta nufa. In a ramin USB na kwamfuta take shan wuta, to aikinka ya kusa ƙarewa tun ba a fara ba, domin ramin USB 2.0 bolt 5 yake bayarwa da rabin amfiya, wato wat 2.5 ke nan iyakarsa, USB 3.0 kuma mai shuɗin baki yana kai 0.9A, wato wat 4.5. Sifikar ba za ta ja abin da ramin ba ya iya bayarwa ba, ko da an rubuta 500W a kwalinta. Irin su Logitech Z120 ne, wadda kamfanin da kansa ya ce wat 1.2 take fitarwa, ko Creative Pebble mai wat 4.4.

Iri na biyu su ne masu adafta irin ta laftof ko ta dikoda. Na uku kuma masu wufa, akwati babba a ƙasan tebur da ƙanana biyu ko biyar a sama, wayarsu kai tsaye take shiga soket. Waɗannan biyun su ne suka cancanci wahalar awo, musamman masu wufar.

2. Karanta rubutun bayanta, ka bar na kwali

Nan ne mafi yawan mutane suke ruɗewa, don haka bari in ɗan tsaya.

Lambobi iri uku ake rubutawa. Akwai PMPO, wannan lambar talla ce kawai, babu wata ƙa'ida da ta ɗaure kamfani kan yadda zai lissafa ta, shi ya sa za ka ga 'yar wufar da za ka iya ɗauka da hannu ɗaya an manna mata 2000W. Ka manta da ita gaba ɗaya. Akwai Peak, wato ƙololuwar da za ta iya kaiwa na ɗan ƙiftawar ido. Sai RMS, ita ce mai ɗan gaskiya, ƙarfin da za ta iya fitarwa a jere. Kamfanonin kirki sukan rubuta biyun ƙarshen tare, misali Logitech Z313 Peak ɗinta 50W ne RMS 25W, Z623 kuma 400W da 200W, Edifier R1280T 42W RMS.

To amma ko RMS ɗin ma ba ita ce wutar da ake ja daga soket ba, iyakar abin da sifikar za ta iya ne in an ƙure ta. Kamar lambar 220 ce da ke kan agogon gudun mota, tana nan a rubuce amma kai da 50 kake tafiya a cikin gari. Wat ɗaya tak in ya shiga sifika ta yau da kullum yana ba da ƙara wajen desibel 85 a nisan mita ɗaya, kuma wannan ƙara ce sosai, sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. Kai da kake zaune gaban tebur, sifika tana nisan hannu, sau da yawa ko wat ɗayan ba ka cika ba. Inda wuta take tashi shi ne in aka fara ƙure boliyum, saboda kafin kunne ya ji ƙara ta ninka sau biyu sai an ninka wutar wajen sau goma.

Yanzu juya adaftar ko bayan wufar. Za ka ga layin Input da na Output. Kuskuren da ake yawan yi shi ne mutum ya ga Input 100-240V 0.8A sai ya buga 230 sau 0.8 ya samu 184, ya ce sifikarsa wat 184 take ci. A'a. Wannan 0.8A ɗin iyaka ce da aka rubuta don mafi munin yanayi, galibi a ƙasashe masu bolt 100, ba abin da take ja kullum ba. Layin Output ya fi amfani: in an rubuta 12V 2A, ka buga su ka samu wat 24, wannan shi ne rufin da ba za ta wuce ba sai ɗan abin da adaftar kanta take ɓatarwa ya zama zafi. Rubuta wannan lambar a takarda, da ita za ka gane ko awonka na gaba ya yi hankali.

Gargaɗi a nan: in sifikar gwanjo ce da ta fito daga Amurka, ka duba Input ɗin da kyau kafin ka jona. Wasu 120V kawai aka rubuta musu, wutarmu kuwa 230 ce, kana sawa a soket za ka ji ƙauri. Irin wannan sai da tiransifomar rage wuta, kuma ita ma tiransifomar tana da nata cin, in za ka auna sai ka auna su tare.

3. Kayan da za ka tanada

Babban abu shi ne wat-mita ta soket, wata 'yar na'ura ce mai ƙaramin allo, kana soka ta a soket sai ka soka filogin sifika a jikinta, ta riƙa nuna maka bolt da amfiya da wat da kWh, wato yunit ɗin da aka sha. Ana samunta a shagunan kayan wuta da na sola, a Kano ka duba Sabon Gari, ko ka yi oda ta Jumia ko Konga ko AliExpress. Farashinta yana bin dala don haka ka tambayi shago biyu uku kafin ka biya, kuma gaskiya in don sifika kaɗai ne aro ya fi, masu haɗa sola da yawa suna da ita. In ka saya dai ba asara ba ce, da ita za ka kama firji da dutsen guga da hita, waɗanda su ne ainihin masu cinye yunit.

Wajen saye ka lura da abu uku. Ta zama ta 220 zuwa 240V, kar ka ɗauko Kill A Watt ɗin Amurka da ake yawan nunawa a YouTube, ita ta 120V ce. Bakinta ya dace da soket ɗinka, a Najeriya mai ƙafa uku masu kusurwa irin na Ingila, a Nijar kuwa masu zagayen ƙafa sun fi yawa. Sannan ta iya nuna ɗigo, wato 0.1W, kuma kWh ɗinta ya kai gida uku bayan ɗigo, in ba haka ba ƙaramin kaya irin sifika sai ta wuni tana nuna maka 0.0.

Mai sifikar USB kuma testa ta USB zai nema, kamar filas take, ana sa ta tsakanin kwamfuta da wayar sifika. Sai wayarka don kalkuleta da agogon ƙirga sakan, da biro da takarda.

Gargaɗi: kar ka yanka wayar wuta ka sa multimita a tsakani don auna amfiya, in dai ba sana'arka ba ce. Bolt 230 ba ya wasa. Mitar nan mai baki kamar ƙaguwa da masu wayarin suke maƙalawa a waya ita ma ba ta dace da wannan aikin ba, sai an ware waya ɗaya kafin ta karanta, kuma amfiyar sifika ta yi mata ƙanƙanta, ga shi a wutar soket amfiya sau bolt ba ya ba da wat na gaskiya a kayan lantarki irin wannan. Kuma kar ka kwance wufar don leƙa ciki, kafasitocinta, wato 'yan ma'ajin caji da ke cikinta, suna riƙe wuta ko bayan an zare filogi.

4. Gwada mitar kanta tukuna

Minti biyu ne. Soka wat-mitar ita kaɗai, ta nuna 0W da bolt ɗin gidan. Sai ka jona abin da ka san ƙarfinsa, kamar fitila mai ƙwan LED na kamfanin kirki mai 9W, in ta nuna 8 da wani abu ko 9 da ɗan ɗoriya to lafiyarta lau. Ka rubuta bolt ɗin ma, in wutar ta zo rabi-rabi tana nuna 160 ko 170, bari sai ta cika kafin ka yi awo, domin wufa mai tiransifoma ba ta aiki daidai a ƙaramar wuta, lambar da za ka samu ba ta kullum ba ce.

Masu arha ba su cika daidai ba a ƙasa da wat 1 ko 2. Ka riƙe wannan a rai in ka zo auna sifikar a kashe.

5. Auna ta a yanayi huɗu

Sifikar kaɗai za ka jona a wat-mitar, ba ekstenshan ɗin da ke ɗauke da kwamfuta da monita da caja ba. Ana yawan yin wannan kuskuren, sai mutum ya ga 110W ya ɗora wa sifika laifi alhali destof ɗin ce.

Na farko, a kashe. Danna makunnin sifikar ka kashe ta amma ka bar filogin a soket, jira minti ɗaya, rubuta abin da ka gani. Sifikar da aka ƙera da kyau ƙasa da wat ɗaya za ta nuna, Tarayyar Turai ma tun 2013 ta sa doka cewa kayan lantarki na gida kar su wuce rabin wat in suna kashe ko suna zaman jira. Amma wufofin kasuwa marasa suna ba ruwansu da wannan doka, a da yawansu makunnin gaba ko na rimot sautin kawai yake yankewa, tiransifomar tana nan tana shan wuta, sai ka ga 3W ko 5W ko fiye a abin da kake ganin a kashe yake.

Na biyu, a kunne amma shiru, ba abin da ke tashi. A wurina wannan ita ce lamba mafi muhimmanci a duk awon, saboda a haka sifika take shafe mafi yawan rayuwarta. Ka kunna ta da safe ka ji labarai, ka fita, ka dawo, ka yi taifin, ita tana nan da 'yar fitilarta shuɗiya. Masu fitilu kala-kala da Bluetooth da allon rediyo sun fi ja a wannan yanayin.

Na uku, yadda ka saba saurare. Kar ka ƙara kar ka rage, sa boliyum inda hannunka ya saba ajiye shi. Lambar za ta riƙa rawa, ta hau ta sauka, wannan ba matsala ba ce, haka sauti yake. Kalle ta na minti biyu ka ɗauki inda ta fi zama. Ka yi shi sau biyu, ɗaya da magana zalla kamar wa'azi ko ƙira'a ko labarai, ɗaya da kiɗa mai bes, za ka ga bambanci a fili domin bes shi ne mai cin wuta, shi ke tura babban faifan wufar gaba da baya. Mai sauraren karatu zai iya ganin lambarsa ba ta wuce ta shiru da komai ba sai wat ɗaya ko biyu.

Na huɗu, da ƙarfi. Ɗaga boliyum zuwa inda sauti bai fara fashewa ba, ka duba mafi girman lambar da ta nuna. Wannan za ka yi amfani da ita wajen lissafin ko inji ko inbata za ta ɗauka.

Gargaɗi: sakan ashirin zuwa talatin ya isa a wannan na huɗun. Da ka ji sautin ya fara karcewa ko wufar tana kakari, sauke nan take, wannan karcewar ce take ƙona ƙananan sifikun. Kuma ka sanar da mutanen gida, kar a yi shi ana barcin rana.

A ce ka samu 4W a kashe, 6W a shiru, 12W a saurare, 30W da ƙarfi. Misali ne na bayar don mu yi lissafi da shi, taka za ta bambanta. In lambarka ta huɗu ta zarce rufin da ka rubuta a mataki na 2 da nisa, akwai wani abu da ke jone tare da ita, sake dubawa.

Mai testa ta USB shi ma haka zai bi, sai dai shi bolt da amfiya zai gani ya buga su. In ta nuna 5.0V da 0.28A, wat 1.4 ke nan.

Wanda ba shi da kowace na'ura yana iya gwajin tafin hannu: bar sifikar a kunne shiru na awa ɗaya, sai ka taɓa bayan wufar ko jikin adaftar. In da ɗumi sosai to wuta tana tafiya a banza. Wufa mai nauyi da ƙarfen huce zafi mai tsaga-tsaga a bayanta galibi tsohon salon amfilifaya ne, ajin AB, wanda ko a takarda ingancinsa bai wuce kashi 78 da rabi cikin ɗari ba, a ƙaramar murya kuwa mafi yawan wutar zafi take zama. Sababbi masu ajin D suna kaiwa wajen kashi 90, shi ya sa ba su da nauyi kuma ba sa zafi.

6. Bar ta ta wuni a kan mitar

Awon minti biyu yana gaya maka halin sifikar, na yini yana gaya maka halinka kai mai ita. Share kWh ɗin mitar ya koma sifili, ka yi harkarka yadda ka saba har gobe war haka, sai ka karanta. In ta nuna 0.150, wato wat-awa 150 ke nan a yini (wat-awa ɗaya shi ne wat ɗaya na tsawon awa ɗaya).

Matsalar ɗauke wuta ce kawai. Wasu mitocin suna da ɗan batir a ciki da ke riƙe lissafi in an ɗauke, wasu kuma komai gogewa yake ya koma sifili. Gwada taka tun farko, zare ta ka mayar ka gani. In mai mantuwa ce, sai dai ka riƙa ɗaukar hoton allon lokaci-lokaci.

7. In babu wat-mita, yi da mitar Nepa

Wannan hanyar kyauta ce amma tana son haƙuri, kuma sai mitarka tana inda ido zai kai. A fuskar mita mai kati akwai wata 'yar jar fitila da take ƙiftawa, kusa da ita an rubuta wani abu kamar 1000 imp/kWh, wasu 1600, wasu 3200. Ma'anarsa sau nawa za ta ƙifta kafin yunit ɗaya ya tafi. In 1000 ce, kowace ƙiftawa wat-awa ɗaya ce.

Lissafin shi ne ka ƙirga sakan nawa ke tsakanin ƙiftawa biyu. Mai 1000 ya raba 3600 da sakan ɗin, mai 1600 ya raba 2250, mai 3200 ya raba 1125, abin da ya fito shi ne wat ɗin da gidan yake ja a lokacin.

Kar ka ce za ka kashe komai ka bar sifika kaɗai, wat 6 sai ka jira minti goma kafin ƙiftawa ɗaya a mita mai 1000, kuma ƙaramin kaya sosai wasu mitocin ba sa kama shi daidai. Hanyar bambanci ta fi. Zare firji da firiza da famfon ruwa da cajojin waya, duk abin da ke tashi yana tsayawa da kansa, ka bar ƙwayayen fitila kaɗai don su jansu ba ya canzawa. Ƙirga sakan, a ce ka samu 60, wato wat 60. Yanzu kunna sifika yadda ka saba, da wayarka za ka saka mata sauti don kar kwamfuta ta shiga lissafi, sake ƙirgawa, a ce 50, wato wat 72. Bambancin 12 shi ne na sifikar. Don kuskuren yatsa ya ragu ka ƙirga ƙiftawa biyar a jere ka raba lokacin da biyar.

Gargaɗi: a unguwanni da yawa ainihin mitar tana saman falwaya, ɗan akwatin loda kati ne kawai a cikin gida. In haka taka take, wannan hanyar ba taka ba ce, kar ka hau falwaya kuma kar ka taɓa hatimin mita, ga haɗari ga tara. Sannan ka tuna ka mayar da firjin Hajiya.

8. Mayar da wat ɗin zuwa naira

Yunit ɗaya a mita kilowat-awa ɗaya ne, wato wat 1000 na tsawon awa ɗaya. Ka buga wat sau awanni sau kwana 30, ka raba da 1000, ka samu yunit na wata.

Farashin yunit ya danganta da layin da kake. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga na 'yan Band A, waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, zuwa N225, daga baya ya sauko N206.80 a watan Mayu, ya koma N209.50 a Yuli. Sauran layukan sun fi arha nesa ba kusa ba. Hanya mafi sauƙi ta sanin naka, ko KEDCO kake ko Kaduna Electric ko JED ko NIGELEC a Nijar, ita ce ka ɗauko rasit ɗin katin da ka saya na ƙarshe ka raba kuɗin da yawan yunit ɗin da aka ba ka, a ciki har harajin VAT ya shiga. In ana cire maka tsohon bashi a kowane saye, cire shi tukuna kafin ka raba.

Mu ɗauki misalinmu da N209.50. Saurare awa 5 a wat 12, wat-awa 60 a rana, yunit 1.8 a wata, wajen N377. Sauran awa 15 da wuta take nan sifikar tana kunne shiru a wat 6, wat-awa 90 a rana, yunit 2.7 a wata, wajen N566. Jimla N943, in an ɗora VAT na kashi 7.5 ya ɗan haura dubu ɗaya. Ka lura kuɗin zaman banzan ya fi na sauraren yawa.

Da da lambar kwali aka yi lissafin, 1000W sau awa 5 sau kwana 30, da yunit 150 za a samu, N31,425 a wata, wannan ne lissafin da ke sa a ce a cire wufa daga gida. Sifikar USB kuwa mai wat 2, awa 5 kullum, yunit 0.3 ne a wata, wajen N63. Dutsen guga mai wat 1000 in ya yi minti ashirin yana ja ya cinye abin da ya fi haka.

9. Masu inbata da sola da inji

Ga mai wutar Nepa maganar ba ta taka kara ta karya ba. Ga mai batir ne take da nauyi, don shi kowane wat-awa ƙirgagge ne.

Batir mai 12V 100Ah wat-awa 1200 ne a takarda, amma in irin mai ruwa ne ko jel, rabi ake so ka sha in kana son ya daɗe, wato 600. Sifikar da aka manta a kunne tun daga sha ɗaya na dare zuwa tara na safe, awa 10 a wat 6, ta sha 60, in ka haɗa da asarar inbata ya kai wajen 70. Fiye da kashi ɗaya cikin goma na abin da kake da shi ke nan ya tafi ba ka ji ko da sallama ba, wutar da za ta riƙe ƙwan LED mai 9W kusan awa bakwai.

Wani abin da ba a cika lura da shi ba, inbatar kanta tana da cin zaman banza, kuma sau da yawa ya fi na sifikar. Duba littafinta ko ka tambayi wanda ya haɗa maka. A ce wat 20 ne. Sifikar wat 12 za ta ja wajen 14 daga batir saboda asara, ka haɗa da 20 ya zama 34, ka raba 600 da 34 ka samu awa 17 da rabi. Wato in ka kunna inbata don sifika kaɗai, fiye da rabin cajin inbatar ce ta sha. A irin wannan dare gara ƙaramar sifikar USB a jikin fawa bank, mai 10,000mAh wat-awa 37 ne, abin da zai fito a zahiri wajen 30, zai riƙe sifika mai wat 1.5 kusan awa 20. Sai dai wasu fawa bank ɗin suna kashe kansu in abin da ake ja ya yi ƙanƙanta, in taka tana yanke sauti kowane minti ɗaya to dalilin ke nan, sifikar lafiyarta ƙalau.

Mai laftof ma ya sani sifikar USB daga batirinsa take sha. Laftof mai batir 45Wh da ke jan wat 10 za ta yi awa huɗu da rabi, in ka ƙara mata wat 1.5 sai ta dawo ƙasa da awa huɗu kaɗan, ka yi asarar wajen rabin awa.

Gargaɗi: inbata mai arha wadda wutarta ba tsantsar sayin web ba ce, wato ba sumul take fita irin ta Nepa ba, tana sa wufa mai tiransifoma gurnani, zzzz ɗin nan da ba ya tafiya ko ka sauke boliyum, kuma tiransifomar tana ƙara zafi. Wat-mita mai arha ma takan yi ƙarya a irin wannan wutar, don haka ka yi awonka da wutar Nepa. Wasu kuma ganin adaftar 12V ce sai su yanke waya su jona sifika kai tsaye a batir, ka tuna batir yana haura bolt 14 lokacin da sola ke caji, kuma in ka juya ja da baƙi shi ke nan amfilifaya ta tafi. In za a yi, mai gyara ya yi maka ya sa fiyus.

Batun inji gajere ne. Ƙaramin Tiger da ke ba da wajen wat 650 ba zai ma san an jona wufar wat 30 ba, kuma man da yake sha kusan ɗaya ne da ita ko babu ita. Abin kiyayewa shi ne ka bari injin ya daidaita kafin ka kunna sifika, ka kuma kashe ta da zarar ya fara shaƙewa mai zai ƙare, wannan hawa da saukar wutar ce take kashe kaya.

10. Abin da za ka gyara bayan awo

Koma kan lambobinka biyu na farko. In a kashe tana nuna ƙasa da wat ɗaya, danna makunninta ya wadatar. In tana nuna 3 ko fiye, makunninta ba abin dogaro ba ne, sa ta a ekstenshan mai makunni daban ga kowane rami, ka ajiye shi inda hannu zai kai ba tare da ka durƙusa ƙarƙashin tebur ba, don in sai an durƙusa ba za a riƙa kashewa ba. Wajen kunnawa kwamfuta za ta fara tashi sifika ta biyo baya, wajen kashewa sifika ce farko, wannan yana hana ɗas ɗin nan mai ƙarfi da ke bugun faifanta.

In bes ɗinka a ƙure yake kullum, mayar da shi tsakiya ka sake duba wat-mitar da kiɗan da ka gwada ɗazu, ka rubuta sabuwar lambar kusa da tsohuwar. Mai shago da ke barin komai a jone ya tafi gida, soket ɗin bango zai riƙa kashewa in zai rufe, ba don yunit kaɗai ba, wutar da ake dawowa da ita da ƙarfi cikin dare tana iya samun tiransifomar wufar a jone ba kowa a wurin.